Karatun Littafi da Sanin Zaman Duniya: Haɗa Su Tun Daga Aji Ɗaya

Gabatarwa

Kowace shekara makarantun sakandare irin tamu sukan karɓi sababbin ɗalibai waɗanda suka gama aji shida na firamare, kuma tun makon farko malami yakan gane irin tushen da aka yi wa kowane yaro. Akwai wanda zai rera sau tun daga biyu har zuwa goma sha biyu ba tuntuɓe, amma in aka aike shi kanti da naira dubu sai ya kasa lissafa canjinsa. Akwai kuma yarinyar da babu mai iya cutarta a ciniki, ga ladabi, ga iya riƙon ƙanne, amma layi biyu a allo sun gagare ta karantawa. Su duka biyun an sallame su da rabin guzuri.

A ƙasar Gwiwa da maƙwabtanta, wato Roni da Kazaure da Babura, inda yawancin jama'a manoma ne da makiyaya, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Uban da ya haƙura da taimakon ɗansa a gona har shekara shida yana da hakkin ya tambaya, me boko ya ƙara wa yaron nan? In amsar ba ta gamsar da shi ba, to ƙannen yaron ne za su ɗanɗana kuɗarsu, domin ba za a tura su makaranta ba. Saboda haka muka ga ya dace a wannan shekara mu yi bayani a kan yadda za a haɗa karatun littafi da sanin zaman duniya tun daga ƙananan azuzuwa, domin amfanin malamai da iyaye, da kuma ku ɗalibanmu, waɗanda da yawanku gobe ku ne za ku riƙe alli.

Abubuwa biyun da muke magana a kansu

Abu na farko shi ne mizanin karatu, wato abin da hukumar ilmi ta tsara cewa lalle yaro ya iya kafin ya wuce wani aji. Alal misali, a ƙarshen aji uku ana so yaro ya iya karanta gajeren labari ya faɗi abin da ya ƙunsa, ya rubuta jimla da kansa, ya kuma iya tarawa da ɗebewa. Hukumar da ke tsara manhajar firamare a Nijeriya ita ce NERDC.

Abu na biyu shi ne dabarun zaman duniya. A shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta jera guda goma waɗanda ta ce ya kamata makarantu su koyar: yanke shawara, warware matsala, ƙirƙiro sabuwar dabara, auna magana kafin a yarda da ita, iya bayani, iya hulɗa da mutane, sanin kai, tausayi, danne fushi da sauran motsin zuciya, da jure matsi. A 1996 kuma wani kwamiti na UNESCO a ƙarƙashin Jacques Delors ya ce ilmi yana tsaye a kan ginshiƙai huɗu, wato koyon sani, da koyon aiki, da koyon zama da mutane, da koyon zama cikakken mutum.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan zance. A 1974 aka buga laccar wani Bature masanin Hausa, A. H. M. Kirk-Greene, a kan mutumin kirki, inda shi ma ya kawo halaye goma da Hausawa ke auna mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Duk wanda ya jera waɗannan kusa da na Hukumar Lafiya zai ga da yawansu 'yan uwan juna ne. Kakanninmu sun koyar da su ta hanyar tatsuniya da kacici-kacici da karin magana da aike da aikin gayya. Abin da ya rage mana shi ne mu shigar da su aji ba tare da sun ture karatu ba.

Abin da tarihi ya nuna

Makarantar boko ta farko da gwamnati ta buɗe a Arewa ita ce ta Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, a Nasarawa ta Kano a 1909. Da Hausa ake koyarwa a cikinta, kuma ban da karatu da lissafi akwai sashen sana'a inda ake koyon kafinta da ƙira da dukanci. A 1925 gwamnatin Ingila ta fitar da takardar manufa wadda ta ce a daidaita ilmi da rayuwar mutanen ƙasa. Amma 'yan Afirka da yawa sun yi wa manufar kallon zargi, domin sun ga kamar ana so a ba 'ya'yansu fartanya a hana su littafi.

Bayan samun mulkin kai aka yi babban taron manhaja a Legas a 1969, wanda ya haifar da Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 da tsarin 6-3-3-4 da aka soma a 1982. A tsakani kuma aka ƙaddamar da shirin UPE a 1976, wanda ya kai firamare ƙauyuka da dama da ba su taɓa ganin aji ba. Niyyar tsarin 6-3-3-4 ita ce yaro ya fita da ilmi a ka da sana'a a hannu, amma a makarantu da yawa injunan da aka sayo sun tsufa a cikin akwatunansu saboda rashin lantarki da rashin malaman da suka iya su. A firamare kuwa, darasin aikin hannu ya koma kowa ya kawo tsintsiya ko kuɗinta, gonar makaranta ta koma wurin horon wanda ya makara.

Ran 30 ga Satumba 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, aka yi masa doka a 2004. Manhajar shekara tara da ta biyo baya ta kasa karatu gida uku, aji ɗaya zuwa uku, aji huɗu zuwa shida, sai ƙaramar sakandare. Da aka ga darussa sun yi yawa sai aka harhaɗa su aka rage a 2014. A 2025 ma gwamnatin tarayya ta sanar da wata sabuwar manhaja wadda ta sake rage nauyin, ta maido da tarihin Nijeriya, ta kuma sa sana'o'i irin su haɗa wutar sola da kiwo da ɗinki a ƙaramar sakandare.

Darasin da muka ɗauka daga wannan doguwar tafiya guda biyu ne. In aka mai da aikin hannu madadin littafi, iyaye za su ƙi shi, kuma suna da gaskiya. In kuma aka ware dabarun zaman duniya aka yi musu darasi na dabam mai minti talatin da biyar, sai su koma abin haddacewa, yaro ya rubuta ma'anar tsabta a jarrabawa ya ci, ya fito ya ci abinci bai wanke hannu ba.

Dalilin haɗa su

Dalili na farko lokaci ne. Ranar makaranta gajera ce, damina kuma takan ɗauke yara da yawa zuwa gona lokacin shuka da noma, haka ma kaka lokacin girbi. Malamin da ke fama da ƙarancin lokaci ba shi da sararin ƙara sabon darasi, sai dai ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Dalili na biyu shi ne karatu kansa babbar dabarar zaman duniya ce. Wani rahoto da Bankin Duniya da UNESCO da UNICEF da wasu hukumomi suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi. Wanda bai iya karatu ba ba zai gane ranar da magani ya lalace ba, ba zai karanta gargaɗin da ke jikin kwalbar maganin feshi ba, kuma duk saƙon da ya shigo wayarsa sai ya kai wa wani ya tona masa asiri. Don haka kada kowa ya ɗauka muna kira a sassauta mizani.

Dalili na uku, halin kirki yana taimakon karatu. A 2011 Joseph Durlak da abokan aikinsa a Amurka sun tattara sakamakon bincike 213 da ya shafi yara fiye da 270,000, suka tarar cewa yaran da aka koya wa kame kai da zama da juna da yanke shawara sun fi takwarorinsu cin jarrabawa, har ɗan tsakiyar aji yakan matsa gaba da kimanin mataki 11 cikin 100. Duk malamin da ya daɗe a aji ya san haka tun kafin bincike. Yaron da bai iya zama ya saurara ba, ko wanda ke fashewa da kuka in an gyara masa kuskure, ba zai yi nisa da lissafi ba.

Aji ɗaya zuwa aji uku

A waɗannan azuzuwa aikin malami na farko shi ne baƙaƙe da wasula da ƙirga, kuma kusan kowane darasi ana iya rataya masa hali ɗaya ko biyu ba tare da an ƙara minti ko ɗaya ba.

Mu ɗauki tatsuniya. Malama ta ba da labarin Gizo da Ƙoƙi, sa'an nan ta tambayi yara me ya fara faruwa, me ya biyo baya, wanda shi ne jeranta labari da manhaja ta nema. Daga nan ta rubuta kalmomi biyar daga labarin a allo, yara su rarraba su gaɓa-gaɓa, gi-zo, ƙo-ƙi, go-na. Kafin a tashi sai ta tambaya, da kai ne Ƙoƙi yaya za ka ji, kuma wace hanya Gizo zai bi ya sami abinci ban da zamba? Ta kuma kafa doka cewa ba mai magana sai ya ɗaga hannu, ba a kuma yi wa wanda ya yi kuskure dariya. A zama ɗaya an yi karatu, an taɓa tausayi, an koyi jiran layi.

A lissafi kuwa, kasuwar aji ta fi allo saurin shiga kai. A jera gwangwanaye da ƙwallayen dabino da tsakuwa, a yanka takardu a rubuta musu naira 50 da 100 da 500. Yarinya ta sayar da ƙosai shida a kan naira 50 kowanne, mai saye ya miƙa mata 500, aji duka su lissafa, kuɗin ƙosai 300, canji 200. Wani lokaci malami ya sa mai sayarwa ta yi kuskure da gangan ta ba da canji fiye da kima, a ga ko mai saye zai mayar. Nan ne ake koyon amana a aikace. Yaran da ke talla sukan yi fice a wannan darasi, kuma sau da yawa ranar ce ta farko da za su ji cewa su ma sun san wani abu da makaranta ke girmamawa.

Tsabta ma haka. Yara su ƙirga yatsunsu goma suna wanke su da sabulu ko toka, su zana matakan wanke hannu, su rubuta lamba ɗaya zuwa biyar a ƙarƙashin kowane zane. A raba aikin aji bi da bi, yau wannan ne mai goge allo, gobe waccan ce mai kula da randar ruwa, a rubuta sunayensu da ranaku a bango, yaro ya je ya nemo sunansa da kansa. Da haka zai koyi kwanakin mako ya kuma san cewa akwai abin da aka damƙa masa.

Game da harshe, Manufar 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa, kuma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarabanci shekara shida ba su gaza a Turanci ba. A Nuwamba 2025 Ministan Ilmi na tarayya ya sanar da cewa Turanci ne zai zama harshen koyarwa. Ko da wane harshe aka tsayar, yaron Gwiwa da Hausa yake tunani ran da ya fara shiga aji, kuma wanda ya iya haɗa baƙi da wasali a harshen da yake ji ya riga ya sami mabuɗin karanta wani harshen.

Aji huɗu zuwa aji shida

A nan ne ake shiga sau da rabawa da ɓangarori da awo da rubuta wasiƙa, kuma ƙasarmu cike take da kayan aiki kyauta.

Kafin damina, kowane rukuni na yara biyar ya ɗauki ƙwayar gero 20 ya shimfiɗa a kan jiƙaƙƙen tsumma, su riƙa yayyafa ruwa suna rubuta abin da suka gani kullum. In 16 suka tsiro, to huɗu bisa biyar ke nan, wato kashi 80 cikin 100. An yi kimiyya, an yi lissafi, yaro kuma ya koma gida da hanyar gwada iri kafin a zuba shi a gona. A lambun makaranta a auna kunya mai tsawon mita 10, a ce a shuka wake kowane rabin mita har da bakin kunyar biyu. Yawanci za su ce rami 20 ne, sai sun shuka su ƙirga su ga 21, su yi ta gardama har su gano dalili. Irin wannan gardama ita ce warware matsala.

Jigawa tana cikin jihohi 11 na Arewa da ke fuskantar gurgusowar hamada, kuma mutanen Babura da ke kusa da iyakar Nijar sun san abin da iska da rairayi ke yi wa gona. Kowane aji ya rene bishiyoyinsa, darbejiya ko zogale ko kuka, yara su auna tsawonsu kowane wata su zana jadawali. Wanda akuya ta cinye nasa zai koyi yin shinge, zai kuma koyi sake farawa.

Ruwan gishiri da sukari na mai gudawa darasi ne na awo wanda ke ceton rai. Lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar ruwa biyu, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yara su auna da hannunsu, su rubuta matakan a jere, a kuma gaya musu cewa in gishiri ya yi yawa yana cutarwa, kuma haɗin ba ya hana kai marar lafiya asibiti.

Adashi ma lissafi ne. Mutum 10 suna zuba naira 200 kowane mako, kwasa ɗaya naira 2,000 ke nan, zagaye kuma mako 10. To in wanda ya kwasa a mako na uku ya daina zubi, nawa sauran za su rasa, kuma yaya za a yi da shi? Rabin tambayar lissafi ne, rabin kuma adalci. A darasin rubutu kuwa, maimakon wasiƙa zuwa ga abokin da babu shi, yaro ya rubuta wa yayansa da ya tafi ci-rani Kano, ko aji duka su rubuta wa mai unguwa a kan famfon da ya lalace, da gaisuwa da bayani da roƙo yadda ya kamata.

Yadda za a auna

Tun da aka shigo da tsarin auna ɗalibi a kai a kai, katin sakamako yana da gurbin hali da na aikin hannu, inda ake ba da maki a kan zuwa da wuri da tsabta da gaskiya da haɗin kai. A wurare da yawa ana cike gurbin ne a daren rufe makaranta, kowa a ba shi maki ɗaya. Gyaran ba shi da wuya. Malami ya ajiye ƙaramin littafi, kowace rana ya sa ido a kan yara biyar kawai, ya rubuta abin da ya gani da idonsa, wane ya mayar da canji, wance ta raba faɗa. A aji mai yara hamsin, cikin mako biyu ya zagaye kowa.

Karatu kuma a auna shi yaro da yaro. A kira shi gefe, a ba shi gajeren labarin da bai taɓa gani ba, ya karanta a yi masa tambaya biyu. Amsa-kuwwar da aji ke yi a bayan malami tana ɓoye waɗanda ba su iya ba. Bayan an gane matakin kowa sai a ware sa'a ɗaya a rana a zaunar da yara bisa ga abin da suka iya, masu baƙaƙe gefe ɗaya, masu kalmomi gefe ɗaya, masu labari gefe ɗaya. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta shahara da wannan hanya, kuma an gwada ta a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa na jihar Kano daga 2019.

Matsaloli

Ba mu ce abin yana da sauƙi ba. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma duk wanda ya leƙa makarantun ƙauye ya san akwai azuzuwan da suka ninka haka. Ga ƙarancin littattafai, ga malaman da su kansu da haddace aka rene su. Sai dai mai karatu zai lura cewa babu ko ɗaya cikin misalan da muka kawo da ke bukatar lantarki ko inji. Tsakuwa da tsumma da gero da igiyar awo ne kawai. Abin da suke ci shi ne shiri, wato malami ya zauna tun daren jiya ya tambayi kansa, wane mizani zan cika gobe, wane hali kuma zan ɗora a kansa?

Kammalawa

Ga 'yan'uwanmu malamai, muna roƙo a fara da darasi ɗaya a mako, in ya zauna a ƙara. Ga iyaye, ko wanda bai yi boko ba yana iya cewa ɗansa ya karanta masa takardar asibiti, ko ya lissafa masa kuɗin taki, ya kuma halarci taron iyaye da malamai ya tambayi hedimasta abin da ɗan aji uku ya kamata ya iya. Ƙungiyoyin mata da na matasa suna iya ware yamma ɗaya a mako su tara yaran unguwa a yi musu karatu da tatsuniya. Ku kuma ɗalibanmu, in kun koma gida hutu, kowa ya ɗauki ƙane ko ƙanwa ɗaya ya zauna da shi minti ashirin kullum da littafin Hausa, ya bar shi ya karanta da bakinsa, ya yi haƙuri da kuskurensa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaran da ke aji ɗaya a Gwiwa da Roni a bana su ne za su ƙwanƙwasa ƙofar makarantar nan bayan shekara shida. Allah ya ba mu ikon yi musu tushe mai kyau.